Darasi na Tara: Kafa Mazaunin Madubin Taurari da Daidaita Shi a Ƙasar Kura da Bunkure

Duk wanda ya taɓa kwana a gona yana jiran ruwa ya iso fangalinsa, ko yana gadin tumatir a cikin rani, ya san taurari ba su kwana a wuri guda. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, idan ta ɓullo daga gabas bayan magariba a watan Nuwamba, da tsakar dare za a same ta kusan bisa kai, kafin assalatu kuwa ta karkata yamma tana neman faɗuwa. Masana ilimin falaki sun tabbatar cewa ƙasa ce take juyawa a kan mihwarinta, watau layin da ya ratsa ta daga kudu zuwa arewa, tana cika zagaye ɗaya cikin sa'a 23 da minti 56, abin da ke sa mu ga sama tana tafiya yamma daraja 15 a kowace sa'a. Daraja ita ce abin da 'yan boko ke kira digiri, faɗin wata ɗan sha huɗu kuwa rabin daraja ne kacal, saboda haka cikin minti biyu sama takan gusa gwargwadon faɗin wata.

Ido bai damu da wannan tafiya ba, amma kyamara ta damu ƙwarai. Hasken da ke zuwa daga gungun taurari masu nisa rauni gare shi, ba ya taruwa sai an bar idon kyamara a buɗe rabin minti, ko minti guda, ko fiye. Madubin hangen nesa kuma, kamar yadda yake ƙara girman tauraro, haka yake ƙara saurin tafiyarsa, har ya zamana kafin sakan biyu ɗigon haske ya zama zane. Maganin wannan shi ne a ɗora madubin bisa mazauni mai mota a ciki, wanda zai riƙa juya shi a hankali, daidai da tafiyar sama, ta yadda tauraro zai tsaya cik a cikin hoto. Irin mazaunin da ya dace da ɗaukar hoto shi ne mai mihwari biyu, ɗaya ana miƙe shi ya kwanta daidai da mihwarin ƙasa, shi ne mai bin sama daga gabas zuwa yamma, na biyun kuma yana gilma na farko, aikinsa kai madubi kudu ko arewa. Akwai wani iri mai sauƙin kafawa, wanda ke ɗaga kai da waiwaye kawai. Yana da kyau ga kallo da ido da neman jinjirin wata, amma idan hoto ya yi tsawo taurarin gefe sukan yi baka, don haka ba shi muke nufi a wannan darasi ba.

A cikin mazaunin akwai 'yar kwamfuta da ake yi wa umarni da rimot, wadda ta haddace matsayin dubban taurari, da zarar an danna sunan ɗaya sai ta juya madubi ta kai shi kansa. Sabon ɗalibi yakan ɗauka cewa tun da haka ne aiki ya ƙare, alhali kuwa wannan kwamfuta misalin makaho ce wanda ya san lungunan gari duka da ka: ba ya ɓata, muddin an gaya masa ƙofar da yake tsaye da nahiyar da ya fuskanta, in kuwa aka ruɗe shi a kan waɗannan biyu, da ƙarfin zuciyarsa zai nufi inda ba nan ba. Saboda haka daidaitawa iri biyu ce, kuma lalle ɗalibi ya rarrabe su tun yanzu, domin yawancin wahalar masu farawa daga cakuɗa su take tasowa. Ta farko ita ce miƙe mihwari ya dubi kuɗubin arewa, watau gurbin da mihwarin ƙasa yake nunawa a sama ta arewa, aikin hannu ne da ƙusoshi, kwamfuta ba ta da ikon yinsa. Ta biyu ita ce sanar da kwamfuta wuri da lokaci da nuna mata taurari biyu ko uku. Wanda ya kyautata ta biyu ya yi sakaci da ta farko zai ga madubinsa yana samun tauraro, amma ba ya riƙe shi.

Zaɓen wuri da lokaci

Ƙasar nan da ruwan Tiga yake shayarwa, tun da aka gama dam ɗin a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu duwatsun da za su tare gefen sama, idan aka ɗan nisanci titin Zariya da fitilun motocinsa kuma dare yakan yi duhu sosai. Muna da wata falala da mutanen Turai ba su da ita: da yake muna kusa da tsakiyar duniya, taurarin kudu irin su Suhailu, wanda ba a ganinsa daga Ingila ko kaɗan, a nan yakan hau kimanin daraja 25 a daren hunturu. Amma wannan kusanci shi ne kuma ya jawo mana babbar matsalarmu. Ƙa'ida ce a ilimin falaki cewa tsawon kuɗubi daga gefen sama daidai yake da arlin gari, watau nisansa daga layin da ya raba duniya biyu. Arlin Kura kuwa daraja 11 ne da kashi uku cikin huɗu, na Bunkure ya gaza haka da kaɗan. Idan mutum ya miƙe hannunsa ya dunƙule, dunƙulen yakan rufe wajen daraja 10, to Tauraron Arewa, wanda littattafan malamai ke kira Jadyu, bai fi dunƙule guda da 'yar ɗoriya daga ƙasa ba. Darbejiya ɗaya ko layin itatuwan turare a bakin kanal ya isa ya ɓoye shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin, birnin Kano yana arewa da mu, daga Bunkure kusan saiti, daga Kura ya ɗan karkata gabas, hasken fitilunsa kuwa yakan tashi daidai inda muke neman tauraron, ga shi ba mai haske ne ƙwarai ba.

Mafi kyawun lokaci, a ganina, shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, sa'ad da ruwan damina ya wanke sama, hazon hunturu kuma bai sauko ba. Idan buji ya taso a Disamba da Janairu, taurarin da ke bisa kai sukan bayyana, amma na gefe sukan nutse. A zaɓi daren da wata bai yi girma ba. A nemi ƙasa mai tauri, irin filin Idi ko filin makaranta ko dandamalin shanya shinkafa, a guji kunya da bakin fangali, domin ƙasar da ta sha ruwa takan lotsa a hankali a ƙarƙashin nauyi, ƙafa ɗaya ta nutse da kaurin farce aikin dare ya lalace. A nisanci injin ban ruwa mai aiki saboda girgizarsa, a kuma san cewa kusa da ruwa raɓa takan sauka a kan gilashi tun kafin tsakar dare. Wani abu da littattafan ƙetare ba su faɗa ba, amma wajibi ne a nan, shi ne a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, a nuna musu kayan in da hali, gama doguwar kwarkwaro bisa ƙafafu uku a tsakiyar gona da dare abu ne da zai iya tayar da hankalin wanda bai san ta ba.

Fitar da arewa da rana

Tun da Jadyu yana iya ƙin bayyana, hikima ita ce a fitar da layin arewa tun rana ba ta faɗi ba, ta hanyar da malaman miƙati suka daɗe suna fitar da alƙibla da ita, wadda suke kira da'irar Hindu, Albiruni ma ya bayyana ta a ƙarni na 11. A share wuri ya yi sumul, a kafa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamu ɗaya, a gwada miƙewarta da zare mai dutse a ƙarshensa, sa'an nan da hantsi a ɗaura igiya a gindinta a zana da'ira wadda ta ɗan gaza tsawon inuwar. Inuwa za ta yi ta raguwa har bakinta ya taɓa da'irar, sai a sa alama. Bayan zawali za ta sake tsawo har ta taɓa da'irar a ɗaya ɓangaren, a sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamun nan biyu shi ne gabas da yamma, wanda kuma ya tashi daga gindin sanda ya raba shi biyu daidai shi ne kudu da arewa. Kada wani ya ce zai taƙaita wahala ya dubi inuwa da ƙarfe goma sha biyu, domin agogon Nijeriya an ɗaure shi ne a kan ɗuli, watau nisan wuri gabas ko yamma, na daraja 15 gabas, mu kuwa muna kan 8 da ɗoriya, shi ya sa zawali a nan yake faɗawa tsakanin 12:10 da 12:40, gwargwadon watan da ake ciki. Kamfas na wayar hannu yana taimakawa, amma a duba shi nesa da mazaunin, don ƙarfe yana ruɗa shi.

Kafawa da raba nauyi

Kafin magariba a kafa ƙafafun a kan layin nan, kada a zare su da tsawo, a danna kowace ta zauna, a ɗora ma'aunin magina mai kumfa a kai har kumfar ta tsaya tsakiya. Wannan ba shi ne daidaitawar ba, fa'idarsa ita ce idan an zo murza ƙusar sama da ƙasa ba za ta ja mihwari gefe ba. A ɗora kan mazaunin a ɗaure shi daga ƙasa, a murza ƙusoshin tsawo har allurar da ke gefensa ta nuna kusan 12. A nan ne mai sayen kaya zai gane amfanin tambaya kafin biya, gama yawancin mazaunan nan an ƙera su ne da tunanin ƙasashen da arlinsu ya kai 30 zuwa 60, idan aka kwantar da mihwari zuwa 12 sai sandar nauyi, wadda ke ɗauke da ƙarfen da ke daidaita nauyin madubi, ta sauko ta bugi ƙafar da ke arewa. Wasu ana iya mayar da ƙusar da ke kan ƙafafun ɗaya ɓangaren, sandar ta faɗa tsakanin ƙafa biyu, amma sai a rataya batir ko buhun yashi a ƙarƙashi don kada kayan su kife gaba. Wasu kuwa sai an sayi ƙarin wuya da ke ɗaga kan sama.

Ƙarfen nauyi ake fara sawa, a mayar da murfin bakin sanda don kada ya zame ya faɗo wa mutum a yatsa, sa'an nan madubi. Wajen kwancewa kuwa madubi ne farkon sauka. A haɗa duk abin da za a yi aiki da shi, kyamara da ƙaramin madubin nema da wayoyi, a cire murfi, kana a gwada nauyi. A saki birkin mihwari na farko ana riƙe da madubi, a kwantar da sandar ta yi daidai da ƙasa, a riƙa gusa ƙarfen har ɓangare ɗaya ya daina rinjayar ɗaya. A ɗaure, a saki birki na biyu, a gusa madubin gaba ko baya cikin maƙallinsa har shi ma ya tsaya inda aka bar shi. Motar da ke ciki ƙarama ce, wutar batir mai bolt 12 take ci, haƙoran giyarta kuma sirara, in aka bar ta tana jan nauyin da bai rabu ba tafiyarta ba za ta yi santsi ba. Masu wannan sana'a sukan shawarci mai ɗaukar hoto kada ya ɗora fiye da rabi ko sulusi biyu na nauyin da kamfani ya rubuta. Daga nan a mayar da kayan mazauninsu na farawa, sandar nauyi tana duban ƙasa, madubi yana duban arewa. Idan har yanzu da sauran rana, a kiyaye ƙwarai kada bakin madubi ya fuskance ta, domin kallo ɗaya ta cikinsa yana makantarwa.

Miƙe mihwari

Da duhu ya yi, a nemi Jadyu. Daga Maris zuwa Mayu Banatu Na'ashi suna sama da farkon dare, taurari biyun da ke bakinsu kuwa, in aka ja layi daga gare su aka ninka tazararsu sau biyar, a kansa ake sauka. A kaka suna ƙarƙashin ƙasa, sai a nemi Zatul Kursiyyi, taurari biyar masu lanƙwasa biyu da ke can sama ta arewa, a sauko daga gare su. A cikin mihwarin mazauni akwai ɗan madubi mai da'ira a zane kamar fuskar agogo; mutum ya zauna bisa 'yar kujera ta tsugunno a bayansa ya leƙa, a nan kam ƙarancin arlinmu ya yi mana rana, ba sai an kwanta a ƙasa ana karya wuya ba. Jadyu ba a kan kuɗubi yake daidai ba, yana nesa da shi kimanin sulusi biyu na daraja, ya fi faɗin wata, yana kuma kewaya shi dare da rana. Don haka ba a tsakiya ake sa shi ba, a kan da'irar ake sa shi, a gurbin da manhajar waya za ta nuna na wannan sa'a. Da ƙusoshi kaɗai ake kai shi can, biyu na gefe masu turawa gabas da yamma, biyu na tsawo, ana sassauta ɗaya kafin a ɗaure 'yar'uwarta, in ba haka ba ƙusa ta lanƙwashe.

In hazo ko hasken birni ya hana, akwai hanyar da ba ta bukatar Jadyu ko kaɗan, ta fi jinkiri amma ta fi inganci, kuma ina ganin ya kamata kowane ɗalibi a ƙasar nan ya iya ta. A kunna motar tana bin sama, a zaɓi tauraro da ke kusa da layin zawali, watau layin kudu da arewa da ya ratsa saman kai, ɗan kudu da saman kan, a sa shi tsakiya a zuba masa ido minti biyar, ba a kula da motsinsa na gabas da yamma ba. In ya zame kudu, mihwari ya yi gabas da yawa. In ya zame arewa, ya yi yamma. A gyara da ƙusoshin gefe, a sake gwadawa har zamewar ta tsaya. Sa'an nan a koma ga tauraro a gabas, kimanin dunƙule biyu daga ƙasa: in ya zame kudu mihwari ya yi ƙasa, in arewa ya yi sama. Domin gane ina ne arewa a cikin madubi, a ɗan tura bakinsa wajen arewa da rimot, gefen da sababbin taurari ke shigowa shi ne. Wanda ke da kwamfutar cinya yana iya samun manhaja irin NINA, wadda ke ɗaukar hoto a wurare uku na sama ta lissafa kuskuren ta faɗi ƙusar da za a murza.

Sanar da kwamfuta

Rimot zai tambayi ɗuli da arli: a Kura 8 da 25 gabas, 11 da 46 arewa, wayar hannu kuma za ta ba kowa na inda yake tsaye. Wanda ya sa yamma a maimakon gabas ya karkatar da sama kusan daraja 17. Zai tambayi agogon ƙasa, a sa +1. Zai tambayi ko ana ƙara sa'a ta bazara kamar yadda ake yi a Turai, a ce a'a, kuskure a nan daraja 15 ne. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne kwanan wata, domin rimot irin SynScan bisa al'adar Amurka yake, wata kafin rana. Mai nufin 5 ga Nuwamba in ya rubuta 05/11, kwamfuta ta karanta 11 ga Mayu, tazarar kusan wata shida, sai ya ga madubinsa ya sunkuya yana neman tauraro a cikin gonar albasa.

Bayan haka a zaɓi daidaitawa da taurari uku, biyu a ɓangare ɗaya na sama, ɗaya a ɗayan. Sunayen da za su fito da baƙaƙen boko yawancinsu na Larabci ne da bakin Turawa ya sauya: Aldebaran shi ne Dabaran na lissafin manzilolin da manomanmu suka sani, Vega da Altair su ne Nasru biyu, Sirius kuwa Shi'ira ce da aka ambata a Suratun Najmi. A farkon daren Nuwamba Vega da Altair suna yamma, Capella tana tasowa arewa maso gabas. Madubi zai tafi kusa da na farko ya tsaya, ba lalle a kansa ba. A kawo shi tsakiyar madubin nema, sa'an nan tsakiyar hoton kyamara, da maɓallan rimot kawai, a ƙare kowane gyara da maɓallin sama da na dama don cike ɗan gibin da ke tsakanin haƙoran giya. A tabbata tauraron da aka kama shi ne wanda aka ambata, shi ne zai fi duk na kusa da shi haske. Daga wannan lokaci ba a sakin birki, ba a tura madubi da hannu, ba a taɓa ƙusoshi ko ƙafafu. In ƙafar wani ta yi tuntuɓe da su, sai haƙuri, a koma tun daga miƙe mihwari.

Gwajin aikin duka shi ne hoto. A gyara kaifin gani a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, a umarci mazauni ya tafi M45, ita ce Kaza, ko M31, gungun da Abdurrahman as-Sufi ya siffanta da ɗan girgije a littafinsa na taurari a shekarar 964, wanda haskensa yake tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu. A sa ISO 800, a buɗe sakan 30, a latsa da waya ko da agogon kyamara don kada hannu ya girgiza ta. A faɗaɗa hoton a dubi taurarin: in ɗigo ne, a gwada sakan 60, in duk sun ja kudu da arewa, mihwari ne bai miƙe ba, in wani hoto ya yi kyau wani ya ɓaci, a tuhumi iska ko nauyi ko wayar da ta maƙale. A yi amfani da fitila mai jan haske kaɗai, tun da ido yana bukatar wajen minti 20 kafin ya saba da duhu.

Kafin darasi na gaba, wanda zai yi bayanin haɗa hotuna masu yawa su zama ɗaya, kowane ɗalibi, ko yana da madubi ko ba shi da shi, ya fitar da layin arewa a filin da ya zaɓa ta hanyar da'ira, ya kafa turaku biyu a kansa, ya koma bayan isha'i ya tsaya a turken kudu ya dubi saman na arewa, ya rubuto ko ya ga Jadyu, da dunƙule nawa ya auna tsakaninsa da ƙasa, da abin da ya tare shi in bai gan shi ba.